Asali da Sauyi a Cimar Hausawa: Nazarin Kwaɗon Ganye a Gwandu da Kalgo bisa Ma'aunin Gardamar Salak ɗin Nis

Tsakure

Takardar nan ta sa tambaya ɗaya a gaba: da me ake gane kwaɗo na asali? Ta ɗauki kwaɗon ganye kamar yadda ake yin sa a Gwandu da Kalgo cikin jihar Kebbi, ta auna shi da gardamar da ta daɗe a kudancin Faransa kan salak ɗin birnin Nis. An bi sawun kayan haɗi ɗaya bayan ɗaya, aka rarrabe abin da kwaɗo ba ya tsayuwa sai da shi daga abin da ake iya musanyawa. Nazarin ya gano cewa da yawa daga kayan da ake ɗauka gadon kaka da kakanni ne baƙi ne a ƙasar Hausa, kuma asalin kwaɗo yana cikin hanyar haɗa shi. Takardar ta kuma nuna inda iyakar wannan hanya take.

1.0 Gabatarwa

Idan damina ta kankama, tafasa takan rufe bakin hanya, rama ta miƙe a bayan gida, zogale ya yi sabon toho a jikin danga. A wannan tsakani, kafin sabon gero ya shiga rumbu, kwanon kwaɗo yake samun matsayi a gidajen Gwandu da Kalgo. Mutanen yankin sun fi kiran sa ɗatu, kamar yadda suke ce wa ƙuliƙuli ƙarago, amma takardar za ta tsaya kan daidaitacciyar Hausa. Abinci ne marar tsada, ba ya neman nama, ba ya cin itace da yawa, kuma 'yar talla tana iya zagaya unguwa da shi a faranti.

Duk da sauƙinsa, kwaɗo ba ya rasa gardama. Wata uwargida za ta ce sukari ba shi da hurumi a cikin rama, maƙwabciyarta ta ce in ba shi tsamin ba zai kwanta ba. Dattijo zai ce kwaɗon yanzu magi ake ci, an bar ganye a baya. Ɗalibar jami'a kuwa takan yanka kabeji da karas, ta barbaɗa ƙuli, ta ƙara cokalin Bama, ta kira shi kwaɗo babu shakka a ranta. Kowannensu asali yake karewa ko yake faɗaɗawa, sai dai ba a yi ittifaƙi kan abin da asalin yake nufi ba.

Manufar takardar uku ce: fayyace tsarin kwaɗon ganye, gano shekarun kayan haɗinsa, da samar da ma'aunin da zai raba sauyin da ke cikin gida da sauyin da ya fitar da abinci daga sunansa.

2.0 Waiwayen Ayyukan Magabata

Ayyukan farko na tattara sunaye ne. J. M. Dalziel ya wallafa ƙamusun tsirran Hausa a 1916, ya biyo da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. G. P. Bargery, a ƙamusunsa na 1934, ya riƙa nuna karin harshen da kalma ta fito, ko Sakkwato ko Katsina ko wani wuri. Amfanin waɗannan ayyuka shi ne sun tabbatar da cewa bambanci tsakanin yankuna tsohon abu ne, ko da yake ba su tambayi wanne ne na asali ba.

Jack Goody, a littafinsa na 1982 kan girki da ajin mutane, ya dogara da bincikensa a arewacin Gana ya ce yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba su raba girkin manya da na talakawa kamar yadda aka yi a Turai da Asiya ba, ya kuma danganta rabuwar da rubutu da tsarin tattalin arziki. Gwandu ta ƙara wa wannan ra'ayi haske ta wata fuska. Gari ne na alƙalami, mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, amma alƙalamin ya karkata ga tafsiri da fiƙihu da tsarin mulki. Ilimin tukunya ya zauna a hannun mata, yana wucewa daga uwa zuwa 'ya ta gani da yi.

Eric Hobsbawm da Terence Ranger, a 1983, sun nuna cewa al'adu da dama da ake yi wa kallon tsufa ƙagaggu ne na kwanan baya. Arjun Appadurai, a maƙalarsa ta 1986 kan asalancin abinci da ta 1988 kan littattafan girki a Indiya, ya nuna yadda tambayar asali take tasowa idan abinci ya fara sauyawa ko ya bar gida, da yadda rubuta girki yake ɗaukaka wani salo ya danne wani. James McCann, a tarihin girkin Afirka da ya wallafa a 2009, ya jaddada rawar da amfanin gonar nahiyar Amurka ya taka a tukunyar Afirka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da ya sa kwaɗon ƙasar Gwandu a gaba, kuma giɓin da takardar nan take son cikewa ke nan.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyoyi uku. Ta farko ita ce bin sawun kayan haɗi: daga ina kowane tsiro ya fito, kuma wace shaida ta tarihi ake da ita kan samuwarsa a yankin. Ta biyu ita ce gwajin cirewa: a cire abu ɗaya daga kwano, a duba ko har yanzu Bahaushe zai kira abin da ya rage kwaɗo. Ta uku ita ce kwatance da gardamar Nis, wadda ta riga ta shiga littattafai.

An yi amfani da keɓaɓɓun kalmomi kamar haka. "Asalanci" shi ne da'awar cewa wani salo shi ne na gaskiya. "Mazhabar tsantsa" su ne masu hana ƙari, "mazhabar sassauci" kuwa masu yarda da shi. An kasa kayan haɗi gida uku: "ginshiƙi", wanda in babu shi suna ya faɗi, "madadi", wanda wani yake iya tsayawa a gurbinsa, da "ƙawa", wanda sa shi da barin sa duk ɗaya ne ga suna. Nazarin ya taƙaita ga kwaɗon ganye; na ƙanzo da na garin rogo za su shigo ne a matsayin shaida kawai.

4.0 Nazari

4.1 Farfajiyar bincike

An zaɓi garuruwan biyu ne saboda kowannensu yana wakiltar fuska ɗaya ta tambayar. Gwandu tsohuwar cibiya ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a cikinta daga 1805 kafin ya koma Sifawa, kuma ita ta zama hedikwatar yammacin daular Usmaniyya a hannun Malam Abdullahi, ko da yake fadar masarautar tana Birnin Kebbi a yau. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a garin a 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, ya yaba wa kwarin da ke cikinsa saboda ayaba, ya kuma ce albasar Gwandu ta fi ta maƙwabta girma da kyau. Har yau Aliero, maƙwabciyar Gwandu, tana cikin manyan cibiyoyin albasa a Nijeriya.

Kalgo kuwa tana kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega, kusa da fadama, kuma a kan hanyarta ta zuwa Bunza ne mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yake, wadda aka kafa a 2013. Ɗalibai da ma'aikata daga sassan ƙasar nan sun shigo da nasu salon cin ganye. Jihar kanta tana iyaka da Nijar da Binin, kuma Zabarmawa suna da nasu haɗin zogale da gyaɗa da suke kira kopto. Yankin, ke nan, mahaɗa ce tun da can.

4.2 Gardamar Nis a taƙaice

Nis birni ne a gaɓar Bahar Rum wanda ya shiga ƙasar Faransa a 1860. Salak ɗinsa ya fara ne a matsayin cimar talakawa: tumatir, da ƙananan kifayen teku da ake adanawa cikin gishiri, da man zaitun. Auguste Escoffier, shahararren kuku da aka haifa a 1846 a wani ƙauye kusa da birnin, ya fito da salon da ke ɗauke da dafaffen dankalin Turawa da koren wake. Julia Child da abokan aikinta sun sa irin wannan salo a littafinsu na 1961, ya bazu a Amurka, har ya zama shi duniya ta fi sani.

Martani ya zo daga cikin gida. Jacques Médecin, magajin garin Nis daga 1966 zuwa 1990, ya wallafa littafin girkin yankin a 1972, inda ya haramta sa kowane dafaffen kayan lambu. A wurinsa, ban da ƙwai, komai ɗanye ne: tumatir, kokwamba, koren tattasai, albasa mai lawashi, baƙin zaitun, sai kifi iri ɗaya, ko ƙananan nan ko tuna, ba a haɗa biyun. Wata ƙungiya mai suna Capelina d'Or ta ɗauki kare wannan matsayi a matsayin aikinta, kuma 'yan mazhabar tsantsa sukan tunatar da cewa Escoffier ba ɗan cikin birnin ba ne.

Abubuwa biyu ne abin lura. Na farko, an rubuta dokar asali ne bayan salon baƙi ya riga ya cika duniya, wato tsoron ɓacewa ne ya haife ta, daidai da abin da Appadurai ya faɗa. Na biyu, tumatir, wanda shi ne zuciyar salak ɗin, daga nahiyar Amurka ya zo kamar yadda dankalin da ake kora ya zo. Baƙon da ya riga sauka ne ya zama ɗan gida.

4.3 Tsarin kwaɗon ganye

Aikin yana farawa da ganye. Zogale ana zage shi daga tsinkayensa, a wanke, a dafa har ya yi laushi. Rama ana tafasa ta a zubar da ruwan don rage tsami, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Tafasa ta fi su neman haƙuri, domin sai ta dahu sosai kafin gafinta ya fita. Bayan dahuwa sai mataki mafi muhimmanci: a tsane ganyen, a matse shi da hannu, a bar shi ya huce. Ganyen da bai matsu ba yakan tsinka haɗin ya koma ruwa.

A gefe guda ana daka ƙuli da barkono da gishiri. Ƙulin kansa ragowar aikin mai ne: a soya gyaɗa, a murje, a niƙa, a matse mai, tunkuzar da ta rage a mulmula a soya. Wasu sukan dama garin ƙulin da ɗan ruwa, wasu su barbaɗa shi a bushe. Sai a yanka albasa da tumatir, a zuba ɗan man gyaɗa, a cakuɗa har kowane ganye ya ɗauki rabonsa.

Gwajin cirewa ya ba da amsa a fili. A cire tumatir, kwaɗo yana nan. A cire albasa ko mai, ya rage armashi amma sunansa bai faɗi ba. A sa rama a gurbin zogale, ko yaɗiya a gurbin tafasa, sunan ganye ne kawai ya sauya. A ma cire ganyen gaba ɗaya a sa jiƙaƙƙen ƙanzo ko garin rogo, Bahaushe zai ce kwaɗon ƙanzo ko kwaɗon gari. Amma a cire ƙuli, abin da ya rage dafaffen ganye ne. A turara ganyen da tsaki, ya zama dambu. A bar shi cikin ruwansa a kan wuta, ya kama hanyar miya.

4.4 Shekarun kayan haɗi

A nan ne da'awar asalanci take haɗuwa da tarihi. Gyaɗa, uwar ƙuli, 'yar Amurka ta Kudu ce. Jiragen ruwan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka bayan 1500. An daɗe ana noma ta don ci a gida kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma cinikinta zuwa waje ya buɗe a 1912, kamar yadda Jan Hogendorn ya bayyana a littafinsa na 1978. Barkono da attarugu da tumatir da rogo duk daga can nahiyar suka fito. Zogale asalinsa arewacin Indiya ne, ko da yake ya riga ya zama ɗan gari lokacin da Dalziel ya rubuta sunansa a 1916. Albasa daga Asiya ta taso, amma shaidar Barth ta nuna ta kafu a Gwandu fiye da shekara 170 da suka wuce.

'Yan ƙasa na ainihi su ne irin su rama da yakuwa da ɗorawar da ake daddawa da kalwarta. Gishiri ma ya sauya. A ƙarni na 19 yankin yana samun gishiri daga kwarin Foga, wanda yake cikin Nijar a yau, kuma Barth ya ratsa ta wurin bayan ya bar Gwandu. Yanzu gishirin leda mai sinadarin aidin ne a mafi yawan gidaje.

Wannan ya bar mai nazari da zaɓi biyu. Ko dai magabata sun kwaɗa ganye da wani mahaɗi kafin zuwan gyaɗa, ƙuli ya zo ya gaje shi, ko kuma kwaɗon da aka sani yau bai girmi zuwan gyaɗa ba. Kowanne aka ɗauka, ginshiƙin kwaɗo kansa sauyi ne da aka karɓa. Saboda haka ba za a iya kafa asalanci a kan cewa abu bai taɓa zuwa daga waje ba.

4.5 Wuraren saɓani huɗu

Na farko, ɗanye da dafaffe. A Nis ɗanye ne asali, dafaffe bidi'a. A Gwandu da Kalgo lamarin ya juya: kwaɗon damina na dafaffen ganye shi ake gani na gargajiya, na latas da kabeji da karas kuwa na zamani. Dalilin yana cikin noma. Waɗannan kayan lambun rani ne, kuma sun yawaita ne da bazuwar ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin fadama, musamman bayan shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa a farkon shekarun 1990. Sai dai lansir, wanda ɗanye ake kwaɗa shi kuma babu mai musun sunansa, ya nuna cewa dahuwa ba ginshiƙi ba ce. Sharaɗin shi ne ganye ya kasance a tsane kuma a huce.

Na biyu, daddawa da magi. Masu ƙorafi suna da hujja ta fuskar ɗanɗano, domin dunƙulen magi yakan mayar da kwaɗon gidaje da yawa ɗanɗano guda, alhali daddawar kalwa da daddawar batso kowacce da ƙamshinta. Amma ta fuskar aiki, gurbi ɗaya suke cikewa. Sinadarin gulutamet da Kikunae Ikeda ya gano a Japan a 1908, wanda shi ne farin magi, yana samuwa a daddawa ta hanyar ruɓar da kalwa. Magi madadi ne: yana rage bambanci tsakanin gidaje, bai rushe suna ba.

Na uku, sukari. Masu sa shi suna neman daidaita tsamin rama ne, masu ƙin sa suna ganin aikin zubar da ruwan dahuwa ke nan, kuma sukari rufa wa gaggawa asiri ne. Gwajin cirewa ya sa shi a ajin ƙawa.

Na huɗu shi ne mai nauyi: ƙuli da Bama. Salak ɗin biki da aka sani a biranen Nijeriya, mai kabeji da karas da waken gwangwani da dafaffen ƙwai, da Bama ake haɗa shi, a ci da cokali a gefen shinkafa. Kwaɗo kuwa yana iya tsayawa shi kaɗai a matsayin cima, domin ƙuli yana kawo abin gina jiki da ganye ba shi da isasshensa. Wannan ne ya sa ya riƙe gidaje a watannin da hatsi ya yi ƙaranci. Idan Bama ta shigo a kan ƙuli, ƙawa ce. Idan ta kore shi ta zauna a gurbinsa, an sami wani abinci daban mai sunansa, wato salak. Ba a ce ya fi kwaɗo ko bai kai shi ba. An ce dai ba shi ba ne.

5.0 Sakamakon Nazari

Nazarin ya kai ga sakamako uku. Na ɗaya, ginshiƙan kwaɗo su ne: abin kwaɗawa da aka tsane ya huce, dakakken ƙuli da gishiri a matsayin mahaɗi, da cakuɗawa ba a kan wuta ba. Nau'in ganye da abin ƙara ɗanɗano madadi ne. Tumatir da albasa da mai da sukari ƙawa ne.

Na biyu, mazhabar tsantsa ta yi daidai da ta ce akwai iyaka, amma ta kuskure wurin da ta ja layin, domin ta ja shi a kan kayan da su ma baƙi ne. Mazhabar sassauci ta yi daidai da ta karɓi sauyi, amma ba duk abin da aka yanka aka cakuɗa ne kwaɗo ba.

Na uku, rashin rubutacciyar doka ya ba kwaɗo damar bin yanayi da aljihu: tafasa da rama a damina, lansir da latas a lokacin sanyi, busasshen zogale idan ɗanye ya yi wuya, ƙanzo idan tuwo ya kwana. Nis ta sami kariya ta hanyar rubutu, amma ta sayi kariyar da mayar da girkin dubban gidaje jeri ɗaya.

6.0 Kammalawa

Haɗarin da ke gaban kwaɗo a Gwandu da Kalgo ya fi karkata ga mantuwa fiye da ƙari. Ganyayen daji irin su yaɗiya da gasaya suna neman sanin hannu wajen tsinka da dafawa, kuma wannan sani yana wurin tsofaffin mata. Saboda haka takardar tana ba da shawara ga masu nazarin harshe da al'ada da kimiyyar abinci a jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero da Sakkwato su tattara salon kwaɗo gida gida, da sunan ganye a karin harshen yankin, da lokacin samuwarsa, da yadda ake kashe ɗacinsa ko tsaminsa. Ya kamata a rubuta kowane salo da sunan garin da aka same shi, ba tare da naɗa ɗaya a matsayin na asali ba. Bincike na gaba kuma zai iya gwada wannan ma'auni na ginshiƙi da madadi da ƙawa a kan dambu da fate, da kuma kopton Zabarmawa a tsallaken iyaka.